Larurar Rashin Jin Ƙamshi da Wari: Darasi Daga Ƙasar Karaye da Rogo

Goggona ta shafe fiye da shekara 40 tana sana'ar daddawa a wani ƙauye da ke ƙasar Rogo, kuma a tsawon wannan zamani ba ta taɓa ƙirga kwanaki don ta san ko kalwarta ta nuna ba. Takan dafa, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, sannan ta rufe ta ajiye a ɗaki. Idan ta gifta ta bakin ƙofar, hancinta ne ke gaya mata ko a buɗe yau ko a bari sai gobe. Da wannan sana'a ta aurar da 'ya'yanta mata, da ita kuma ta sha cusa mini kuɗin mota a aljihu sa'ad da nake ɗalibi.

A cikin azumin shekarar 2020 ta yi zazzaɓi da 'yar mura na kwanaki kaɗan, ta warke. Ni ina Kano a kulle a lokacin, don haka ta waya muka yi sannu. Sai da na je gaishe ta da Babbar Sallah na tarar da tukwanen a kife, babu ko ɓurɓushin warin daddawa a gidan. Da na tambaya, ta daɗe tana kauce wa maganar, kafin ta ce: "Kai dai bari, ɗan nan. Tun ciwon nan na azumi hancina ya mutu. Sau biyu ina ɓata kalwa, masu saye suka dawo mini da ita. Tuwo ma yanzu ci kawai nake yi don kada in faɗi." Na ce, "Goggo, me ya hana ki gaya mana?" Sai ta yi dariya ta ce, "In ce muku me? Wa ka taɓa gani an kai asibiti don ba ya jin wari?"

Wannan tambaya tata ita ce dalilin wannan rubutu. Ni ba likitan asibiti ba ne, malamin jami'a ne da ke koyar da yadda gaɓoɓin jikin ɗan'adam ke aiki, amma abin da na gani a gidan Goggo da wanda na riƙa ji daga baya a Karaye ya nuna mini cewa muna da larurar da ke cin mutane a ɓoye, alhali da yawa daga cikinta tana da magani.

Larurar da ba ta da suna

Hausa ta wadata da kalmomin abin da hanci ke ji. Muna da ƙamshi da wari da ɗoyi, muna da ƙarni na kifi da jini, da ƙauri na abin da ya ƙone, da zarni na fitsari, da hamami, da bashi. Amma mai karatu ya lura: wanda ba ya gani makaho ne, wanda ba ya jin magana kurma ne, to wanda ba ya jin ƙamshi fa? Ba mu raɗa masa suna ba. Abin da ba shi da suna kuwa da wuya a kai ƙararsa. Likitoci suna kiran rasa jin ƙamshi gaba ɗaya anosmiya, idan kuma ƙamshin ya juye, abu mai daɗi ya koma wari, sukan ce farosmiya.

Magabata ba su raina wannan ni'ima ba. Duk wanda ya yi karatun farko na fiƙihu ya san cewa da launi da ɗanɗano da ƙamshi ake gane ruwan da ya canza. Malaman fiƙihu sun kuma hukunta cikakkiyar diyya a kan wanda ya yi sanadin gushewar jin ƙamshin wani, daidai da wanda ya kawar masa da gani ko ji. Mu ne muka mayar da abin wasa.

Yadda hanci ke aiki

Can a rufin kogon hanci, daidai tsakanin idanu, akwai wani ɗan fili da ke ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin jijiya. Duk abin da ke da ƙamshi yana sakin ƙananan ƙwayoyi a cikin iska. Idan muka shaƙa, sai su narke a cikin danshin da ke wannan fili, jijiyoyin su kama su, su aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta wasu ƙananan ramuka da ke jikin wani siririn ƙashi mai kama da rariya. A shekarar 1991 wasu masana biyu a Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka gano dangin ƙwayoyin halittar da ke gina waɗannan makamai na ƙamshi, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2004. Ɗan'adam yana da kimanin iri 400 na waɗannan makamai, kuma haɗuwarsu ce ke ba shi damar bambance ƙamshin fura da na kunun tsamiya ido a rufe.

Abu biyu ya kamata a riƙe a nan. Na farko, harshe zaƙi da ɗaci da tsami da gishiri da daɗin romo kawai ya sani. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce hanci bai san daɗin gishiri ba, amma kusan duk sauran daɗin miya na hanci ne, domin yayin da muke tauna, tururin abinci yana bi ta bayan maƙogwaro ya hau zuwa wancan fili. Shi ya sa mai wannan larura yakan ce bakinsa ne ba daɗi, a yi ta ba shi maganin ƙarin jini da na cin abinci, alhali matsalar tana sama. Na biyu, jijiyoyin ƙamshi suna cikin 'yan tsirarun jijiyoyin da jiki ke sabunta su muddin rai. A kan wannan baiwa ce duk fatan warkewa ya rataya.

Abin da ke jawo ta a wurarenmu

Hanya uku ce ƙamshi ke ɓacewa: ko hanyar iska ta toshe, ko jijiyoyin su lalace, ko kuma ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke karɓar saƙon ya samu matsala.

Toshewa ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi sauƙin magani. Mura ta yau da kullum tana kumbura cikin hanci na 'yan kwanaki. Akwai kuma masu murar da ba ta ƙarewa, masu atishawa da ƙaiƙayin hanci da zarar hazon hunturu ya sauka ko an fara sussuka da casa. Duk wanda ya tsaya a masussukar masara ko dawa a ƙasar Rogo bayan kaka, ko ya shiga ɗakin injin niƙa, ya san irin ƙurar da ake shaƙa. Haka hayaƙin itace da na kara da matanmu ke zama a cikinsa safe da yamma a madafar da ba ta da taga. Idan kumburin ya daɗe, yakan zama ciwon kogunan da ke kewaye da hanci, wani lokaci har wani tsiro mai laushi ya fito a ciki ya rufe hanya ruf. Irin wannan mutum yakan shekara yana numfashi ta baki, yana cewa ai shi haka Allah Ya yi shi.

Lalacewar jijiya kuwa, ƙwayoyin cutar mura sun daɗe suna haddasa ta, amma korona ce ta fito da ita fili. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, a Kano kuma ranar 11 ga Afrilu. Ba mu manta da yawan jana'izar da aka yi a makonnin da suka biyo baya ba. A watan Yuni na wannan shekara Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙididdige mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da alaƙa da cutar. Waɗanda suka rasu an ƙirga su. Irin su Goggo da suka tashi da mataccen hanci a ƙauyuka, ba a yi musu gwaji ba, ba su kuma shiga lissafin kowa ba. Ƙwayar korona tana kai hari ne musamman kan ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙamshi, shi ya sa mutum kan rasa jin ƙamshi farat ɗaya ko da hancinsa a buɗe yake. Yawancin mutane suna farfaɗowa cikin makonni, amma wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta Ingila ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biyar cikin 100 larurar kan zauna musu.

Sai buguwar kai. Babur shi ne jakin wannan zamani tsakanin Karaye da Rogo da ƙauyukansu, kuma a cikin mahaya goma da wuya ka ga ɗaya da hular kwano. Idan kai ya bugu da ƙasa, ƙwaƙwalwa takan girgiza a cikin ƙoƙon kai, sai zaruruwan jijiyar da suka ratsa wancan ƙashi mai kama da rariya su tsinke. Mai ɗori zai gyara ƙafa, rauni ya warke, sai bayan wata guda mutum ya lura ba ya jin ƙamshin komai. Wannan nau'i yana cikin masu wuyar dawowa.

Akwai kuma guba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye a farkon shekarun 1990, noman rani ya bunƙasa, feshin maganin ƙwari da na ciyawa kuma ya zama ruwan dare a rani da damina. Sau da yawa nakan ga saurayi goye da tankin feshi, babu takunkumi, iska tana maido masa da maganin a fuska. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2019, wanda ya shafi manoma fiye da dubu 11, ya nuna cewa waɗanda suka taɓa yin mummunar cuɗanya da maganin ƙwari sun fi sauran fuskantar raunin jin ƙamshi bayan shekaru. Idan haka ta faru a inda ake da kayan kariya, mai karatu ya auna namu. A wannan sahu ne sigari da garin tabar da ake shaƙa suke, da sholisho da fetur da wasu matasanmu ke zuƙa.

Na ƙarshe shi ne shekaru da cututtukan ƙwaƙwalwa. Jin ƙamshi yana raguwa da tsufa kamar yadda gani ke raguwa. Sai dai a cutar karkarwa da ake kira Parkinson, da cutar mantuwa ta Alzheimer, raunin jin ƙamshi yakan riga sauran alamomi bayyana da shekaru. Akwai kuma 'yan kaɗan da ake haifa ba su taɓa jin ƙamshi ba.

Me ya sa abin ya wuce wasa

Hanci mai gadi ne da ba ya barin ƙofa. Gas ɗin girki, wanda yanzu ya shiga gidaje da yawa a garin Karaye da Rogo, asalinsa ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin a gane idan yana tsiyaya. Matar da hancinta ya mutu za ta iya shiga madafar da ta cika da gas ta ƙyasta ashana. Haka ba za ta ji ƙaurin wayar lantarki ba, ko hayaƙin da ya fara tashi a ɗakin da yara ke barci. Ba za ta gane miyar da ta kwana ta lalace ba sai ta ci. Manomin da ya sa ƙwayar maganin hatsi a buhunan wake ya ajiye a ɗakin kwana, warin nan mai kama da tafarnuwa shi ne gargaɗinsa, kuma shi ba zai ji ba.

Bayan haɗari akwai ƙunci. Goggo ta rame ƙwarai a wannan shekara. Da aka yi 'yan watanni, sai abin ya juye mata: naman da ake soyawa ya riƙa yi mata warin mushe, albasa kuma kamar ana ƙona roba. Nan fa maƙwabta suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce, aka fara kawo hayaƙi iri-iri ana turara mata, abin da ba ya ƙara wa hanci mai rauni komai sai wahala. Gaskiyar magana ita ce, wannan juyewar ƙamshi sau da yawa alama ce ta cewa sababbin jijiyoyi suna tsirowa, ba su dai gama daidaita hanyarsu ba. Ga mace kuma akwai wani nauyin na daban: ba ta san ko jikinta ko ɗakinta yana wari ba, ba ta jin turaren wutar da ta sa, girkinta ya canza, maigida yana ƙorafi. Na san gidan da wannan ya kusa kai su ga rabuwa kafin a gane larura ce.

Magani

Matakin farko shi ne a san sanadi, kuma likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne mai wannan aiki. Ana samun su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, ga mutanen Rogo kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba shi da nisa sosai. Da 'yar siririyar na'ura mai fitila likita zai leƙa har rufin hanci. Idan kumburi ne ko tsiro, akwai maganin feshin hanci da ake rubutawa, wani lokaci da ƙwayoyi na ɗan gajeren lokaci, idan ta kama kuma a yi aiki a cire tsiron. Mutane da yawa a wannan rukuni suna samun ƙamshinsu ya dawo.

Wanke hanci da ruwan gishiri yana taimakawa: ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. A kula, ruwan rafi ko na dam da ba a tafasa ba bai dace da wannan ba. A kuma guji maganin ɗigon hanci mai buɗe toshewa nan take da ake saya a kemis. Idan aka wuce 'yan kwanaki ana amfani da shi, shi da kansa yakan dawo ya toshe hancin fiye da da. Haka ɗura ruwan tafarnuwa ko garin magani a hanci yana iya ƙone ɗan abin da ya rage.

Ga wanda jijiyoyinsa suka taɓu, abin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne horar da hanci. Farfesa Thomas Hummel da abokan aikinsa a birnin Dresden na Jamus ne suka wallafa wannan hanya a 2009, inda suka yi amfani da ƙamshi huɗu: wardi, lemun tsami, kanumfari da ganyen bishiyar turare. Duk muna da su, kuma ana iya musanyawa da citta ko na'a-na'a ko duk wani ƙamshi da mutum ya saba da shi. A zuba kowanne a 'yar kwalba mai murfi. Safe da yamma a buɗe ɗaya bayan ɗaya, a shaƙa a hankali na kimanin daƙiƙa 20, ana tuno yadda ƙamshin yake a da. A yi haka aƙalla wata uku, gara ma a zarce. Ba kowa ke warkewa sarai ba, amma hanya ce da ba ta cin kuɗi, ba ta kuma cutarwa.

Akwai alamomin da ba a jira da su: toshewar kafar hanci ɗaya tak da ba ta sauka, musamman da haɓo, ruwa garai-garai da ke ɗiga daga hanci bayan buguwar kai, ciwon kai mai tsanani tare da canjin gani, ko yaron da majina mai ɗoyi ke fito masa ta kafa ɗaya, wanda sau da yawa ƙwayar wake ce ko dutsen ado ya cusa. Waɗannan asibiti ake nufa da su kai tsaye.

Rigakafi da kira

Abin da za mu iya yi da kanmu ba shi da tsada. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya juya wa iska baya, ya yi wanka da sabulu da ya gama. Mai sussuka da mai injin niƙa su ɗaura takunkumi ko da na ƙyalle ne. A fasa taga a madafa. Mahayin babur ya sa hular kwano, ya ɗaure ta. A bar taba. Murar da ta haura wata uku a daina kiranta mura, a kai ta asibiti. Gidan da ke da mai wannan larura kuma, a ajiye tukunyar gas a waje inda iska ke kaɗawa, a riƙa shafa ruwan kumfa a mahaɗar tiyo don ganin ko tana tsiyaya, a kuma sa wani ya riƙa sansana masa abincin da ya kwana.

Ina kira ga hukumomin lafiya na ƙananan hukumomin Karaye da Rogo da su sa wannan tambaya guda a bakin ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi: "Kana jin ƙamshi yadda ka saba?" Kwalbar kanumfari ɗaya a kan tebur ta isa gwajin farko. Malaman gona su haɗa maganar takunkumi da maganar taki da iri. Masarautar Karaye da limamanmu, waɗanda muryarsu ta fi ta kowa isa ƙauye, su taimaka a fahimtar da jama'a cewa wannan ciwo ne kamar kowane ciwo. Mu kuma da ke jami'o'i, nauyi ne a kanmu mu fita mu auna yawan masu wannan larura a cikin manomanmu, mu kuma tsara gwajin ƙamshi da abubuwan da mutanenmu suka sani, domin gwajin da aka gina a kan ƙamshin abincin Turai ba zai yi wa tsohuwar da ta tashi da daddawa da man shanu adalci ba.

Bayan Sallar nan na kawo Goggo Kano. Likita ya duba bai ga tsiro ba, ya ce ta fara horar da hanci. Na haɗa mata kwalabe huɗu, ta karɓa tana dariya tana cewa boko bai bar komai ba, yanzu har sansane sai an koya wa mutum. Jikarta ce ta riƙa tuna mata bayan sallar asuba da bayan isha'i. Wata tara ana haka, ni kaina har na fara sarewa. Ranar da aka yi ruwan farko na daminar 2021, sai ga wayarta da yamma. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ɗan nan, na ji ƙamshin ƙasa." Har yau hancin bai koma yadda yake a da ba, albasa ma ba su gama shiryawa da ita ba, amma tukwanen sun koma kan murhu, kuma da ta gifta bakin ƙofa takan san ranar buɗe kalwa.

Idan akwai irin Goggo a gidanku, wadda ta rage cin abinci ko girkinta ya canza ba dalili, a zauna a tambaye ta. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.